Masu sha'awar bindiga da gudun sabon abu: taka-tsantsan ne ko taurin kai?

Injiniya_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana da nake so masana su warware mana. A ganina, cikin duk masu sha'awar kayan fasaha babu waɗanda suka kai masu sha'awar bindiga gudun sabon abu, musamman na Amurka da Turai inda wasan harbi da farauta suke da babbar kasuwa. Ku duba Glock 17. A 1982 ta ci gwajin sojojin Ostiriya, amma da ta shiga Amurka sai aka yi mata caa: wai bindigar roba ce, za ta narke a rana, za ta tsage a sanyi, za ta wuce na'urar bincike a filin jirgi ba a gan ta ba. Surutun ya kai har majalisarsu ta yi doka a 1988 kan bindigar da na'ura ba ta iya gani. Alhali bututunta da murfin samanta duk ƙarfe ne, ganga kawai ce roba. Yau kusan kowane babban kamfani yana yin fistol mai gangar roba. Haka aka yi wa madubin saiti mai jan ɗigo. To wannan taka-tsantsan ne, ko taurin kai ne kawai?

Mai_Gyaran_Makami:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ka kawo misalin da masu gudun suka sha kunya, ga wanda ya ba su gaskiya: M16 a yaƙin Biyetnam.

Eugene Stoner ya tsara bindigar tana aiki da hayaƙin da ke biyo wani siririn bututu ya dawo baya ya tura ƙarfen da ke fitar da kwanso. An gwada ta da albarushi mai siffar sanduna, nau'in IMR. Da aka zo yin harsashi da yawa sai aka sauya zuwa mai siffar ƙwallo, WC 846. Shi wannan yana barin matsi mai yawa a daidai ramin da hayaƙin ke shiga, saboda haka bindigar ta riƙa gudu fiye da yadda aka tsara mata, tana ƙoƙarin fizgo kwanso tun bai saki jikin ɗakin harsashi ba. Ga datti da ya ƙaru. Ɗakin harsashin kuma ba a shafe shi da kurom, ƙarfen da ke hana tsatsa, ba, ƙasar ga danshi, sai tsatsa ta cinye shi ya yi ramuka. Kwanso ya maƙale, ƙugiyar da ke jawo shi ta yage masa gindi, sai an zura sanda ta baki an bugo shi. Kayan gogewa ba su wadata ba, an kuma bar sojoji da zaton ba ta buƙatar wanki sosai. Mutane sun mutu da bindiga a cije a hannunsu. Kwamitin Ichord na majalisar wakilai ya fitar da rahoto a kai a 1967. Wanda ya ga wannan, idan ya ce ba zai karɓi sabon abu ba sai ya shekara goma a hannun wasu, ba zan kira shi mai taurin kai ba.

Dan_Gumel_77:
Ƙaramin gyara Injiniya. Glock ba ita ce ta fara ba. Heckler & Koch sun fitar da VP70 mai gangar roba tun 1970, kafin nan kuma Remington ta yi Nylon 66 a 1959, ta sayar da fiye da miliyan ɗaya. VP70 ba ta karɓu ba don kunamarta tauri ne da ita ƙwarai. Ka ga ba robar kaɗai ake gudu ba.

Injiniya_Sabo:
Na karɓi gyara, Dan_Gumel. Amma Malam Mai_Gyara, labarinka ni yake goya wa baya. Duk abin da ka lissafa ba laifin tsarin Stoner ba ne. An sauya albarushi ba a sake gwaji yadda ya kamata ba, an yi tsimin kurom, an hana kayan gogewa. Da aka shafa kurom, aka ƙara nauyin ƙarfen da ke tare bugun baya don rage gudun, aka raba kayan wanki, ai bindigar ta zauna. Jikokinta ne a hannun sojojin Amurka har yau, sama da shekara hamsin. Amma har gobe akwai masu cewa wannan tsarin ba abin dogaro ba ne, suna kafa hujja da 1967.

Mai_Gyaran_Makami:
Ga wanda ke riƙe da ita a ranar da ta cije, babu bambanci tsakanin laifin tsari da laifin masu aiwatarwa. Abin da ya zo hannunka shi za ka auna, ba zanen da ke takarda ba.

Malam_Tarihi:
Wannan hali ya girmi kowa a nan. A yaƙin basasar Amurka, shugaban sashen makamai na sojojin Arewa, Janar James Ripley, ya yi ta jan ƙafa kan bindigogi masu ɗaukar harsashi da yawa irin Spencer, wadda ke cin bakwai a bututun da ke cikin ƙotarta, a lokacin da mai ɗura ta baki yake harbi biyu ko uku a minti. Hujjarsa ita ce sojoji za su yi ɓarnar harsashi. Shugaba Lincoln da kansa ya harba Spencer a watan Agustan 1863. Wannan tsoron ɓarna bai mutu da Ripley ba: Lee-Enfield ta Ingila da Springfield 1903 duk an yi musu wani ɗan ƙarfe da ke hana ɗauko harsashi daga gidansa, soja ya riƙa sa ɗaya-ɗaya, na cikin gidan a ajiye don gaggawa. Sai a Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta fara cire shi.

Sai dai a yi wa Ripley adalci. Da keken doki da alfadarai ake kai harsashi bakin daga, kuma kowace sabuwar bindiga da irin nata harsashin. Wanda ke lissafin kaya yana ganin abin da mai harbi ba ya gani.

Usman_Kaduna_Tech:
Muna tuna waɗanda suka yi nasara ne kawai, shi ya sa masu shakka suke fitowa kamar marasa hange. A ƙirga waɗanda suka mutu mana. Gyrojet ta shekarun 1960, harsashinta ƙaramar roka ce: tana fita baki a hankali, sai can gaba take samun gudu, kuma in ramukan da ke juya ta suka ɗan saɓa sai ta bauɗe. G11 ta Jamus mai harsashi marar kwanso, an shafe shekaru ana aikinta, aka ajiye bayan haɗewar Jamus a 1990. Babbar wahalar da suka daɗe suna fama da ita darasi ce: kwanson tagulla ba mazubi ba ne kawai, yana toshe hayaƙi ta baya, yana kuma fita da zafi mai yawa duk harbi. Ka cire shi, zafin ya zauna a ɗaki, har harsashi ya iya tashi da kansa.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Remington EtronX ta shekarar 2000. Maimakon allura ta bugi ƙwayar tartsatsin da ke gindin kwanso, lantarki ne daga batir mai bolt 9 yake kunna ta. A bindiga ta yau da kullum akwai kamar kashi uku cikin dubu na daƙiƙa tsakanin sakin kunama da tashin harsashi, a nan kusan babu. Fasahar ta yi aiki. Amma sai da ƙwayar tartsatsi ta musamman mai tsada wadda kamfani ɗaya ke yi, kuma amfanin da aka samu bai kai yadda maharbi zai gan shi a takarda ba. Cikin 'yan shekaru aka daina. Wanda ya saya ya koma neman harsashi kamar magani.

Hauwa_Lissafi:
Da izinin manya. Duk kuna magana a kan wa ya yi gaskiya a ƙarshe, ni kuma damuwata yadda ake gwajin tun farko. Mai karɓa da mai ƙi, yawancinsu da harbi uku suke yanke hukunci, kuma harbi uku ba ya nuna komai.

Ga lissafin. Ana auna daidaiton bindiga da tazarar ramuka biyu mafi nisa a takarda. Wannan tazara tana girma da yawan harbi ko da ba a taɓa komai ba. Bindigar da matsakaicinta inci 1 ne a yadi 100 da harbi uku, za ta ba da kamar inci 1.3 da harbi biyar, kusan 1.6 da goma, sama da 1.8 da ashirin. Bindiga ɗaya, harsashi ɗaya. Sannan rukunin harbi uku yana yawo sosai: yau rabin inci, anjima inci ɗaya da rabi. To mutum ya ɗaura sabon abu a bakin bututu, ya yi uku, ya samu rabin inci, ya ɗauki hoto ya ce abin al'ajabi ne. Wani ya ɗaura irinsa ya samu ɗaya da rabi ya ce damfara ce. Dukansu sa'a suka auna.

In ana son gwaji na gaskiya: abu ɗaya tak za a sauya. Harsashi ya fito daga rukunin ƙira ɗaya, lambar tana jikin kwali. A kafa bindiga a kan matashi ko ƙafa, daga tebur. Kada a gama na farko duka sannan a shiga na biyu, a riƙa karɓa-karɓa, biyar nan biyar can, domin zafin bututu da iska da gajiyar ido su rabu daidai. A bar bututu ya huce tsakani. In zai yiwu wani ya riƙa ɗurawa, mai harbin bai san wanne ke ciki ba. Aƙalla ashirin zuwa talatin kowane ɓangare. Wurin aunawa kuma a bar tazarar ramuka biyu, a nemo tsakiyar rukunin, a auna nisan kowane rami daga nan a fitar da matsakaici, don ta haka kowane harbi ya shiga lissafi. Kuma kada a zubar da wanda ya bauɗe da sunan "hannuna ne ya motsa", sai in an faɗi haka kafin a leƙa takarda.

Baba_Sarkin_Baka:
'Yata, Allah ya ƙara basira. Amma wannan lissafin na masu harbin takarda ne. Mafarauci harbi ɗaya yake yi, daga bututu mai sanyi, sau da yawa a tsaye, nama kuma ba ya jira. Harsashi sittin don gwada abu ɗaya, wa ke da kuɗinsa?

Hauwa_Lissafi:
Gaskiya ne Baba, kuma shi ya sa wanda ba shi da halin gwajin bai kamata ya sauya abin da ke yi masa aiki ba. Sai dai kada ya ce ya gwada sabon ya ga ba shi da kyau. Harbin sanyin ma ana auna shi: takarda ɗaya, harbi ɗaya kowace safiya, har ramuka su taru.

Abba_Ballistik:
Ni fa ban yarda da tushen maganar Injiniya ba. Mutanen nan ba gudun sabon abu suke ba, zaɓe suke yi, kuma zaɓen ba bisa hujja yake ba. Sun ƙi roba shekara da shekaru, amma sun rungumi al'adar horar da sabon bututu: harba ɗaya, wanke, harba ɗaya, wanke, har sau goma, sannan uku-uku, sannan biyar-biyar. Hujjar wai ana goge kaushin da injin ya bari a maƙogwaron bututu. Gale McMillan, wanda sana'arsa ƙera bututun gasa ce, ya fito fili ya ce abin ba shi da amfani. Har yau kamfanonin bututu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin da aka tabbatar shi ne sandar wanki tana ɓata bututu in ana zura ta ba mariƙi, ta goge maƙogwaro ko ta ci leɓen baki, kuma leɓen baki shi ne abu na ƙarshe da ke taɓa harsashi.

Haka shafa wa harsashi baƙin garin moli a shekarun 1990. Kowa ya ruga. Yana rage gogayya, gaskiya ne, amma da gogayya ta ragu matsi ya ragu, gudu ya ragu. Yana taruwa a bututu ba daidai ba, bayan wanki sai an yi harbi da dama kafin saiti ya dawo, kuma ana kukan yana riƙe danshi. Yanzu kaɗan ne ke yi. Abin da ya yi kama da sirrin ƙwararru suna karɓarsa da gudu, abin da ya sauya kamannin bindigar kakansu shi suke ƙi.

Dan_Gumel_77:
Wannan magana ta Abba ita ce. Katako da baƙin ƙarfe mai sheƙi suna da kyau a ido, kuma rabin gardamar daga nan take.

Mai_Gyaran_Makami:
Akwai inda shakka ba ra'ayi ba ce, wajibi ce: duk abin da ya taɓa matsi. Madubi in bai yi ba ka cire. Ƙota in ba ta yi ba ka sauya. Matsi kuwa a gaban fuskarka yake. Harsashin .308 yana kai wa fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci bisa ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta Amurka, 9mm yana kai 35,000, bindigar farauta mai lamba 12 (lambar faɗin bututu) kuma 11,500 ne iyakarta a kwanso na inci 2¾. Shi ya sa Turai suke da gidajen gwaji, na Birmingham tun 1813 yake, ana harba bindiga da harsashi mai matsi fiye da ƙa'ida sannan a buga mata hatimi.

Da Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, aka yi bindigar Lebel a 1886, ci gaba ne babu musu. Amma masu tsofaffin bindigogi da aka yi bututunsu da murɗaɗɗun ƙarafa da aka haɗa da wuta, waɗanda suka ce sabon harsashi ai harsashi ne, da yawa sun rasa yatsu. A nan mai gudun sabon abu shi ya tsira da hannunsa.

Baba_Sarkin_Baka:
Wannan ta shafe mu kai tsaye, a saurara. Bindigar toka da baƙin albarushi aka san ta. Duk wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garin cikinsa a bindigar toka don wai ta ƙara ƙarfi, kansa ya ɗana wa. Garin zamani in aka matse shi yana ƙara saurin ci, matsin ya ninka, kuma ba a auna shi da ido ko da tafin hannu. Bututun ba zai ɗauka ba, kuma ta gindi yake fashewa, inda ido da hannun hagu suke. Babu wani "ɗan kaɗan" a wannan. Matasan mafarauta a gaya musu.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Allah ya saka Baba. Tunatarwa ga kowa: zauren nan na ilimi ne, ba a koyar da ƙira ko haɗa albarushi, ba a cinikin makami. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta raba su: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin bindigar farauta sai lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, mai ɗura ta baki kuma ta hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A ci gaba.

Nura_Agwagwa:
Misalin da ya fi nuna cewa ɓangarorin biyu suna iya yin gaskiya lokaci ɗaya shi ne ƙwayoyin ƙarfe a madadin na darma. Amurka ta hana darma a farautar tsuntsayen ruwa a duk ƙasar a 1991, domin agwagi suna haɗiye ƙwayoyin da suka nutse a fadama su mutu da guba. Mafarauta suka ce ƙarfe yana raunata tsuntsu ba ya kashewa, yana kuma ɓata bututu. Kuma a harsasan farko ba ƙarya suka yi ba.

Dalili: nauyin darma giram 11.3 ne a kowane santimita kubik, ƙarfe 7.8. Ƙwaya mai girma ɗaya ta ƙarfe ta fi sauƙi, tana saurin rasa gudu. Maganin shi ne a hau girma biyu, mai amfani da ƙwaya lamba 6 ta darma ya koma lamba 4 ta ƙarfe, wadda ta fi girma, a kuma rage nisan harbi. Na biyu, ƙarfe ba ya lotsewa. Darma in ta zo matsewar bakin bututu tana ba da kai, ƙarfe kuwa turawa yake, sai ka ga zobe ya kumburo a bayan bakin, a mai baki biyu har ya iya raba haɗin bututun. Don haka ba a wuce rabin matsewa da ƙarfe mai ƙarfi, kuma a Turai sai bindigar da ke da hatimin fure na gwajin ƙarfe. Tun da ba ya lotsewa, watsuwarsa ta fi haɗuwa, rabin matsewa da ƙarfe yana yin kusan aikin cikakkiya da darma. Ana tabbatarwa a takarda: da'ira mai faɗin inci 30 a yadi 40, a ƙirga ramukan ciki a raba da yawan ƙwayoyin harsashin. Cikakkiyar matsewa kamar kashi 70, rabi kamar 60.

Kamfanoni sun gyara da kofin roba mai kauri da ke raba ƙwayoyi da jikin bututu, suka ƙara gudu. Mai tsohuwar bindiga kuma ga bismut, nauyinsa kusan 9.6, mai laushi ne, sai dai tsada. Abin da bai gyaru ba: ƙarfe yana tsalle in ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa, kuma in ruwa ya shiga kwanso ƙwayoyin suna tsatsa su manne.

Injiniya_Sabo:
To Malam Nura, ka ga abin da nake faɗa. Kukan 1991 gaskiya ne a 1991. Matsalar ita ce ana maimaita shi bayan an gyara abin da shekara talatin.

Nura_Agwagwa:
Wani ɓangaren an gyara, Injiniya. Nauyin ƙarfe bai sauya ba, 7.8 ne har gobe. Wanda ya ce darma ta fi kai wa nesa bai yi kuskure ba. Tambayar ita ce ko wannan nisan ya kai a zuba guba a fadama dominsa, kuma wannan ba tambayar injiniyanci ba ce.

Dr_Maryam_Vet:
A ƙara da harsashin jan ƙarfe zalla na manyan namun daji, tunda an shigo maganar darma. Harsashi mai cikin darma yana farfashewa, hoton asibiti na naman yana nuna ɓarɓashi nesa da ramin, kuma babu wani adadin darma da aka sani marar illa ga yara. Mu nan mun ga abin da darma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinariya ne. Kalifoniya ta hana darma a kowace irin farauta daga Yulin 2019, saboda ungulayensu da ke cin ragowar gawa.

Masu shakka sun ce harsashin jan ƙarfe ba ya buɗewa in ya shiga nama, yana kuma dauɗa bututu. Barnes X ta 1989 ta yi wannan suna, sai da aka yanka mata zobba a jiki a ƙirar baya aka rage gogayya. Abin lura biyu ne. Jan ƙarfe nauyinsa 8.9, don haka harsashi mai nauyi ɗaya ya fi tsawo, dogo kuma yana son murɗin bututu mai sauri, in ba haka ba ya isa takarda a karkace. Kuma gudu ne ke buɗe shi. Shi ya sa ake sauka a nauyi, mai harba gren 180 (gren ma'aunin nauyin harsashi ne) ya koma 150 ko 165. Wanda ya riƙe nauyinsa na da, ya harba daga nesa, ya ga rami kamar na fensir, zai zagi jan ƙarfe alhali zaɓin ne bai dace ba.

Usman_Kaduna_Tech:
Mu koma kan jan ɗigo da Injiniya ya ambata, ba a taɓa shi ba. Aimpoint ta Suwidin ta fito da na farko a 1975, 'yan gasa suka fara cin kofi da shi, sojojin Amurka suka ba da kwangila a 1997. A doguwar bindiga gardama ta ƙare. A fistol ce take da rai, kuma masu shakka suna da abin faɗa, don madubin yana zaune a kan murfin da ke kai da komo da ƙarfi duk harbi.

Inda yake lalacewa: sukurori. A wanke ramin da sukurun daga mai, a ɗiga maganin riƙe zare mai launin shuɗi, a ɗaure da ma'aunin ƙarfi daidai adadin da kamfani ya rubuta, a ja layin fenti daga kan sukuru zuwa jikin madubi don in ya juya a gani. Sukuru mai tsawo fiye da kima a wasu fistol yana taɓa sandar ƙugiyar kwanso, bindiga ta fara cijewa a rasa dalili. Mai buɗaɗɗen gida kuma, ɗigon ruwa ko ƙura in ya faɗa kan fitilar, jan ɗigon ya watse, shi ya sa aka fito da masu rufaffen gida. Batir ba shi ne matsala ba yanzu, akwai masu awa 50,000, a sauya shi duk shekara a huta.

Amfaninsa kuwa ga mai shekaru ya fi fitowa. Saitin ƙarfe yana son ido ya kula da abu uku a nisa uku, jan ɗigo kuwa abin harbi kawai za ka kalla.

Alhaji_Bature_K:
Malam Usman, akwai masu ganin ɗigon kamar tauraro mai wutsiya ko tarin inabi. Madubin ne ko ido?

Usman_Kaduna_Tech:
Ranka ya daɗe, a juya madubin a hannu ana kallon ɗigon. In wutsiyar ta juya tare da shi, madubin ne. In ta tsaya inda take, ido ne, yawanci rashin daidaiton zagayen gaban ido. Ko a ɗauki hotonsa da waya, in ya fito zagaye a hoto an san amsa. Rage haske yana taimakawa, tabarau na likita ma haka, in ya ƙi sai madubi mai zanen saiti a jikin gilashi.

Abba_Ballistik:
Akwai hukumar da ta sauya ra'ayi sau biyu, kuma ana iya koyo daga gare ta. Bayan musayar wuta a Miami a Afrilun 1986 inda aka kashe jami'an FBI biyu, suka ɗora laifi kan harsashin 9mm da ya tsaya kafin ya kai zuciyar ɗaya daga cikin maharan. Suka koma 10mm, daga nan aka haifi harsashin .40 S&W a 1990. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne sun kafa ma'auni: harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren jelatin, kai tsaye da kuma bayan ya ratsa tufa, katako, gilashin mota da sauransu. Da ƙirar harsashi ta inganta, 9mm ta cika wannan ma'auni, ga sauƙin bugu da yawan harsashi a gida, sai suka koma mata wajen 2015. Masu sha'awa da yawa da suka bi su zuwa .40 har yau ba su yafe ba.

Malam_Tarihi:
Ma'aunin ma ana gardama a kansa, Abba, jelatin ba shi da ƙashi. Amma aƙalla kowa yana iya maimaita shi ya ga ko za a samu abu ɗaya.

Dan_Gumel_77:
To harsashin 6.5 Creedmoor fa? Hornady ta fitar a 2007, rabi suka ce ta kashe .308, rabi suka ce talla ce, ai Suwidin da Norwe suna da 6.5x55 tun 1894.

Hauwa_Lissafi:
Duka biyun da ƙamshin gaskiya. A gudu da nauyin harsashi kusan abu ɗaya suke yi da ta Suwidin. Abin da aka sabunta shi ne kwanson ya gajarce ya shiga gajeren gida tare da dogon harsashi, aka tsayar da murɗi ɗaya a inci 8, aka kuma sayar da harsashin gasa mai kyau a kwali tun ranar farko. Remington ta yi .260 a 1997 mai kusan wannan aiki, ba ta haɗa waɗannan ba. A nesa tana yanka iska fiye da .308 kuma bugunta ya fi sauƙi, a ƙasa da yadi 300 kuwa nama ba zai san bambanci ba, bututunta kuma ya fi saurin cinyewa.

Injiniya_Sabo:
Har yanzu ina kan bakana cewa jinkirin ya yi yawa, amma na ga rabon da Mai_Gyara ya yi tsakanin abin da ya taɓa matsi da wanda bai taɓa ba. Tambaya gare shi: mai tsohuwar bindigar farauta ta gado, mai lasisi, ta ina zai fara kafin ya sa mata harsashin zamani?

Mai_Gyaran_Makami:
Ya cire bututun ya karanta hatimin da ke ƙarƙashinsa. Abu na farko tsawon ɗakin harsashi: 65, 70 ko 76 a milimita. Tsofaffin na Ingila da yawa 65 ne. Tsawon da ke jikin kwali na kwanso ne bayan ya buɗe, don haka harsashin 70 zai shige ɗakin 65 lafiya lau, bindiga ta rufe, amma wurin harbi bakinsa ba shi da filin buɗewa, matsi ya hau. Na biyu, ya duba ko an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, a na Ingila za a ga NP ko BNP. Na uku, ya rataye bututun da zare ya ƙwanƙwasa, in haɗin ya saki ƙarar takan mutu maimakon ta yi amo. Ya leƙa ciki ta haske ya nemi ramukan tsatsa, kumburi ko lotsawa. Ya mayar, ya cire katakon gaba, ya girgiza: in akwai motsi tsakanin bututu da ganga, ta saki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a kai wa mai gyara ya auna kaurin bango kafin a harba. Ƙwayoyin ƙarfe kuwa kada su shiga cikinta sai an auna matsewar bakin.

Nura_Agwagwa:
A ƙara da wannan: kada harsashi mai lamba 20 ya zauna a aljihu ɗaya da mai lamba 12. Na 20 ya fi siriri, yana zamewa ya wuce ɗakin 12 ya tsaya a gaba, mutum ya ga ɗaki fayau ya zaci bai ɗura ba, ya sa na 12 a bayansa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke yin kwanson lamba 20 rawaya.